Makonni 12 a ajin ruhi: sharhi kan wani kwas na intanet

A daren da mahaifina ya rasu ina riƙe da hannunsa na dama, kuma abin da har yau bai bar zuciyata ba shi ne yadda ɗumin hannun ya ci gaba da zama a tafina na ɗan lokaci bayan numfashi ya ɗauke, sannan ya soma janyewa a hankali daga kan yatsu. Fuskar tana nan yadda na san ta, tabon da ke gefen girarsa yana nan, amma mutumin da ya raine ni ba ya cikin ɗakin. Na tashi da sanin amsar da addini ya bayar game da wannan, na kuma yi imani da ita, sai dai a daren nan na gane cewa haddace amsar na yi tun ina yaro ba tare da na taɓa zama na fahimci tambayar ba. Wannan ne ya sa bayan wata 7 na yi rajista da wani kwas da ake bayarwa ta intanet a kan haƙiƙanin ruhi da rayuwar dawwama a addinai daban-daban, kuma yanzu da na kammala shi ina ganin ya dace in faɗi abin da na tarar, domin amfanin wanda yake tunanin shiga irinsa.

Darussa 12 ne, ɗaya a kowane mako. Ana sa bidiyon da aka riga aka naɗa mai tsawon kusan minti 50, tare da wasu shafukan karatu da ake saukewa a waya ko kwamfuta, sannan a ƙarshen mako a yi zama kai tsaye na awa ɗaya inda ɗalibai suke yi wa malamin tambayoyi. Malami ɗaya ne ya ɗauki darussan gaba ɗaya da Hausa. Musulmi ne, ya kuma faɗi haka tun a mintin farko, tare da alkawarin cewa zai bayyana aƙidar kowane addini ta yadda mai bin addinin zai saurara ya ce ba a yi masa ƙage ba. Ba zan kama sunan cibiyar ba, saboda ina da ƙorafe-ƙorafe a kanta, kuma na riga na aika musu da su kai tsaye.

Darasin farko a kan kalmomi ya tsaya, kuma da fari na ɗauka ɓata lokaci ne. Malamin ya nuna cewa kalmar rai kaɗai muna ɗora mata kaya masu yawa, domin mukan ce rai ya fita, mu ce ran wane ya ɓaci, mu ce raina yana son abu kaza, alhali na farko rayuwa ake nufi, na biyu yanayin zuciya, na uku kuwa sha'awa. Daga nan ya koma Larabci, inda ruhi yake da dangantaka da kalmar iska, nafsi kuma da kalmar numfashi, ya ce haka abin yake a Ibrananci, har ma Girkanci da Latin daga iska da numfashi suka samo kalmominsu. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun tsaya a kan gawa, sun lura da abin da ya fara ɓacewa, sun sa wa abin da ya tafi sunansa. Ya kawo aya ta 42 a Suratuz Zumar, wadda ta yi amfani da kalmar nafsi wajen abin da Allah yake karɓa a lokacin mutuwa da lokacin barci, sannan ya bi siffofin nan uku da Alƙur'ani ya ba nafsi: mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf, mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri. Sai daga baya na fahimci cewa rabin gardamar da ake yi a wannan fage ta samo asali ne daga mutum biyu da suke furta kalma ɗaya kowa da abin da yake nufi.

Na ji daɗin yadda ya tunkari aya ta 85 a Suratul Isra'i, wadda ta ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji kuma ba a ba mutane ilimi ba sai kaɗan. Sau da yawa da wannan ayar ake rufe bakin mai tambaya. Shi kuwa ya bayyana cewa malaman tafsiri sun saɓa a kan ruhin da ake nufi a wurin, wasu suka ce ruhin ɗan Adam ne, wasu suka ce Mala'ika Jibrilu ne, wasu suka ce wahayi ne, kuma manyan malamai da suka san ayar fiye da mu sun rubuta littattafai sukutum a kan batun. Abin da ayar ta yanke, in ji shi, shi ne iyakar da hankali zai kai, kuma kafin a isa iyakar akwai fili mai faɗi da nassi ya yi magana a kai.

Zuciyar kwas ɗin tana darasi na 4 zuwa na 6, kuma ko da su kaɗai aka bayar da ban yi nadamar shiga ba. A nan ne malamin ya raba abubuwa biyu da na daɗe ina cakuɗa su ba tare da na sani ba, wato rashin mutuwar ruhi da kuma tashin matattu. Na farko ya fi ƙarfi a falsafar Girka. Aflatun ya ba da labarin ranar ƙarshe ta malaminsa Sukurat, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a birnin Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, yana zaune da almajiransa yana kawo hujjoji cewa ruhi ba ya mutuwa domin ba haɗaɗɗen abu ba ne balle ya wargaje, jiki kuwa kurkuku ne da mai hikima yake murnar fita daga cikinsa. Almajirin Aflatun, wato Aristo, bai yarda da wannan rabuwar ba. A wurinsa ruhi shi ne siffar jiki mai rai, kuma tambayar ko su biyun abu ɗaya ne kamar tambaya ce a kan kakin zuma da zanen hatimin da aka danna a kansa. Addinan da suka zo da wahayi kuwa alkawarin da suka yi ya sha bamban, domin sun ce jikin nan da aka binne shi za a tayar, ya tsaya a gaban Mahaliccinsa, gaɓoɓinsa su ba da shaida.

Yadda malaman addinan nan uku, wato Musulunci da Yahudanci da Kiristanci, suka yi fama da haɗa waɗannan abubuwa biyu shi ne labarin da ya fi kama ni. A ɓangaren Musulunci malamin ya fara da Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, da misalinsa na mutumin da ke shawagi a iska. Ya umurce mu mu tsayar da bidiyon, mu rufe ido, mu ƙaddara cewa yanzun nan aka halicce mu da cikakken hankali, muna rataye a sarari, ba ma gani, ba ma ji, yatsunmu a warwatse ba sa taɓa juna, ko iska ba ta shafar fatarmu. Shin a wannan hali mutum zai san yana da hannu ko ƙafa? Ba zai sani ba. Shin zai yi shakkar cewa shi yana nan? Ibn Sina ya ce ba zai yi ba, kuma daga nan ya fitar da cewa abin da mutum yake kira "ni" wani abu ne daban da jiki. Na gwada, na zauna shiru a ɗaki kusan minti 5, kuma ko da yake ban iya kawar da jin bugun zuciyata ba, na fahimci inda hujjar ta dosa fiye da yadda karatu kaɗai zai fahimtar da ni. Matsalar ita ce wannan hanya ta kai wasu masana falsafa ga ɗaukar ni'ima da azabar lahira a matsayin na ruhi zalla. A kan haka ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi musu raddi a mas'aloli 20, ya kuma ce uku daga ciki suna fitar da mutum daga addini, ɗaya daga cikin ukun ita ce musun tashin jikkuna. Abin lura shi ne Gazali da kansa bai ƙi cewa ruhi yana wanzuwa bayan jiki ba, abin da ya ƙi shi ne a tsaya a nan. Bayan ƙarni biyu da 'yan kai Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1350, ya tattara mas'aloli 21 a littafinsa na ruhi, ya zaɓi cewa ruhi jiki ne mai taushi, mai haske, wanda yake ratsa gaɓoɓi kamar yadda ruwa yake ratsa furen wardi, mai yake ratsa zaitun, wuta take ratsa gawayi. Da na ji misalin gawayin sai hannun mahaifina ya faɗo mini, da ɗumin nan da ya riƙa janyewa, har na kasa ci gaba da darasin a ranar.

Yahudawa da Kiristoci sun bi ta irin wannan siraɗin. A zamanin Annabi Isa, ƙungiyoyi biyu na Yahudawa sun saɓa: Sadukiyawa suna musun tashin matattu, Farisiyawa suna tabbatar da shi, kuma babi na 12 na littafin Daniyel yana daga cikin wuraren da suka fi fitowa fili da batun masu barci a ƙasa da za su farka. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya sa tashin matattu a matsayin na ƙarshe a shika-shikan imaninsa 13, amma saboda yawan nanata ni'imar ruhi da ya yi aka zarge shi da musun tashin jiki, har sai da ya rubuta wata risala a 1191 don wanke kansa. A wajen Kiristoci, Bulus ya kwatanta jikin da ake binnewa da ƙwayar iri da ake shukawa a babi na 15 na wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, kuma shaidar bangaskiyar da aka tabbatar a taron Kustantiniya a 381 ta ƙare ne da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Toma Akwinas, babban malamin Kirista wanda ya rasu a 1274, ya kai ga cewa ruhin mutum shi kaɗai ba shi ne mutumin ba, don haka ceto bai cika ba sai jiki ya dawo. Sai a 1513 ne majalisar cocin Katolika da ta zauna a Lateran ta ayyana rashin mutuwar ruhin kowane mutum a matsayin aƙidar da ba a musu. Malamin bai yi amfani da wannan kamanceceniya ya ce addinai duk ɗaya ne ba, ya ma ja kunnenmu a kan hakan. Abin da ya nuna shi ne tambaya ɗaya ce ta tsare malamansu duka: in ruhi kaɗai ya wadatar, me ya sa za a tayar da jiki, in kuma jiki ne mutum, ina mamaci yake tsakanin kabari da tashi?

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta darasi na 7, kuma a zaman kai tsaye na makon ne na ga abin da ya sa nake girmama malamin. Wata dattijuwa Kirista, wadda muryarta take rawa, ta buɗe makirufonta ta ce, "Malam, ɗana ya rasu bara. Barci yake yi ne yanzu, ko yana sane da ni?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Mama, Allah ya ba ki haƙuri. Zan faɗa miki abin da littafinku ya ce da yadda malamanku suka fahimce shi, sannan in faɗi namu, amma abin da nassi bai faɗa ba ba zan ƙara miki don in faranta miki rai ba." Ya bayyana mata cewa mafi yawan coci-coci suna koyar da cewa ruhin mai bi yana farke a wurin Ubangijinsa, suna kafa hujja da maganar da Linjilar Luka ta ruwaito an yi wa ɓarawon da ya tuba da kuma babin farko na wasiƙar Filibiyawa, yayin da wasu 'yan tsiraru suke cewa matattu barci suke yi har ranar tashi, ra'ayin da Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta, ya rubuta raddi a kansa tun yana saurayi. Sannan ya kawo barzahu daga aya ta 100 a Suratul Muminun, da mutanen Fir'auna da ake gitta wa wuta safe da yamma a Suratu Gafir, da shahidan da Suratu Ali Imrana ta hana a ɗauke su matattu. Bai yi mata wa'azin sauya addini ba, bai kuma sassauta nasa ba. Ta ce, "Na gode, ɗana," ta kashe makirufon. Duk wanda ya taɓa zama da mai makoki ya san irin jan da zuciya take yi wa harshe ya faɗi abin da ba shi da tabbas a kansa, kuma ganin malami ya danne wannan a gaban mutane ya koya mini abin da bidiyon bai koya ba.

Amma kwas ɗin yana da rauni, kuma ba ƙarami ba. An cusa addinin Hindu da na Buda da na tsohuwar Masar a darasi ɗaya tak, abin da ya saɓa wa alkawarin da aka yi mana a farko. Mutanen Masar sun samu minti kaɗan a kan auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu, shi ke nan. Mafi muni shi ne yadda aka haɗa Hindu da Buda a jimla ɗaya da sunan masu aƙidar sake haihuwa, alhali a daidai batun da kwas ɗin yake nazari ne suka rabu. Hindu suna tabbatar da atman, ruhin da yake sauya jiki kamar yadda mutum yake tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa, har ya kuɓuta daga zagayen. Buda kuwa ya musanta samuwar wani tabbataccen ruhi a cikin mutum, ya ce tari ne na abubuwa 5 masu sauyawa, mabiyansa kuma suna kwatanta sake haihuwa da kunna fitila daga wata fitila, inda wuta take ci gaba ba tare da wani abu ya ƙaura ba. Shafukan karatu sun ambaci wannan bambanci a sakin layi ɗaya, bidiyon kuwa ya tsallake shi. Mai bin addinin Buda da zai saurari darasin yana da haƙƙin cewa an yi masa ƙage.

Darasi na 11, a kan kimiyya da ruhi, shi ne ya fi ɓata mini rai. An kawo gwajin likitan nan na Amurka, Duncan MacDougall, wanda a 1907 ya riƙa auna marasa lafiya a kan sikeli a lokacin fitar ransu, aka ce ya gano ruhi yana da nauyin giram 21. Malamin ya ambaci cewa ana sukar gwajin, amma ya bar shi a matsayin abin da ke ƙarfafa imani. Gaskiyar magana ita ce mutum 6 kacal aka auna, ɗaya ne kawai ya ba da wannan adadi, kuma masana ba su karɓi sakamakon ba. Mutumin da ya ƙi ƙara wa uwa mai makoki kalma ɗaya a kan nassi bai kamata ya jingina imani da sikelin da bai tsaya da ƙafarsa ba, domin ɗalibin da ya dogara da wannan hujja zai girgiza ranar da ya gano rauninta, kuma yana iya zaton sauran hujjojin ma haka suke.

Ta fuskar hidima ma akwai gyara. Sautin darasi na 7 da na 8 yana amsa-kuwwa har sai an sa abin saurare a kunne, sau biyu aka ɗage zaman kai tsaye ba tare da sanarwa ba, saƙon da na aika a kan haka kuma sai bayan kwana 9 aka amsa shi. Shafukan karatu suna kawo maganganun malamai ba tare da faɗin babi ko juzu'in da aka ɗauko su ba, wanda hakan nakasu ne babba ga mai son komawa ga asali.

Darasin ƙarshe ya dawo da kwas ɗin kan turbarsa. Ma'anar dawwama aka tattauna, kuma malamin bai guje wa wuraren da ke da wuya ba. Ya kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na kawo mutuwa a siffar rago a yanka ta tsakanin Aljanna da Wuta, ya ambaci Jahmu bin Safwan da ya ce gidajen biyu duk za su ƙare da yadda malamai suka yi watsi da maganarsa, ya kuma taɓo togaciyar "sai abin da Ubangijinka ya so" da ke aya ta 107 da ta 108 a Suratu Hudu da muhawarar da ta biyo bayanta a kan dawwamar Wuta, yana mai bayyana cewa jumhuru suna kan cewa ba ta ƙarewa ga kafirai. Daga nan ya ɗauko ƙalubalen Bernard Williams, masanin falsafa ɗan Ingila, wanda a 1973 ya yi hujja cewa rayuwar da ba ta da ƙarshe dole ta zama abin gundura. Ya amsa ta hanya biyu: da aya ta 108 a Suratul Kahfi, wadda ta ce 'yan Aljanna ba sa neman sauyi daga gare ta, da kuma bayanin Boyitiyus, masanin Kirista na ƙarni na 6, cewa dawwama ta haƙiƙa mallakar rayuwa ce gaba ɗayanta a lokaci guda, ba jerin kwanaki marasa iyaka ba. Gundura, in ji malamin, tana zuwa ne daga abin da aka ƙure saninsa, Allah kuwa, wanda ake kallo a can, ba a ƙure saninsa. Wannan amsa ta gamsar da ni a matsayina na mai imani, ko da yake na lura cewa wanda bai yarda da tushen ba zai ce an ɗauki abin da ake gardama a kansa an mai da shi hujja, kuma da an ba wannan ɓangaren ƙarin minti 10 da ya fi adalci.

Wanda yake neman fatawa ko jerin abubuwan da zai haddace ba zai samu biyan buƙata a nan ba, haka ma wanda rasuwa ta yi masa sabon rauni, gara ya jira zuciyarsa ta ɗan lafa kafin ya shiga darasin barzahu. Wanda ya riga ya san ginshiƙan addininsa, yake kuma iya sauraron aƙidar wani ba tare da jin an taɓa tasa ba, zai amfana ƙwarai, da sharaɗin ya nemi ƙarin karatu a kan addinan Indiya a wani wuri, ya kuma yi taka-tsantsan da darasi na 11. Ana barin bidiyoyin a buɗe ga ɗalibi har shekara guda bayan kammalawa, kuma ni na koma kan darasi na 5 sau uku, na ƙarshen tare da ƙanwata, wadda ba ta samu isowa ba a daren da mahaifinmu ya cika.